Larabar da Takarda Ta Rufe Wall Street

Ranar Laraba 12 ga Yunin 1968, an wayi gari ba a kaɗa ƙararrawar buɗe kasuwar hannayen jari ta birnin Niyok ba. Babu wani babba da ya rasu, babu guguwa, kuma ranar ba ta cikin jerin ranakun hutu da kasuwar ta saba fitarwa tun kafin shigowar shekara. Hasali ma kasuwa ci take yi irin wanda ba ta taɓa yi ba. Tun 1 ga Afrilun shekarar aka zarce yawan cinikin wuni guda da ya gagara tun faɗuwar 1929, kuma washegarin wannan Laraba sai da hannayen jari sama da miliyan 21 suka sauya hannu. Takarda ce ta rufe kasuwar. Daga ranar har ƙarshen Disamba, kwana huɗu kacal ake ciniki a mako. Ana rufewa duk Laraba, sai fa in makon ya zo da nasa hutun, a ɗauki wannan a madadinta.

Dandalin ciniki ya yi wayam, amma a ofisoshin baya na kamfanonin dillalai fitila ba ta mutuwa. Can ne sashen da 'yan Wall Street ke kira keji, saboda shingen ƙarfen da aka kewaye shi da shi. A ciki akawu yake zaune gaban tulin takardun shaidar mallaka, yana ɗaukar su ɗai-ɗai, ya duba sa hannun da ke bayan kowace, ya buga hatimi, ya liƙa mata takardar ciniki, ya miƙa wa ɗan aike ta taga. Ɗan aike ya saɓi jaka ya bi titi zuwa wani kamfanin, ya ajiye takarda, ya karɓo cak. In suna ya sha bamban da harafi ɗaya, ko lamba ba ta yi daidai ba, sai a dawo da takardar da tambarin cewa ba a san da wannan ciniki ba, a koma farko. A 1965 abin da ake cinikinsa a wuni kimanin hannayen jari miliyan 6 ne. Kafin shekara uku ya ninka, alhali hannuwan da ke ƙirga takarda da ƙafafun da ke kai ta ba su ninka ba. Zuwa Disambar 1968, darajar cinikin da aka ƙulla amma aka kasa miƙa kayansa ta haura dala biliyan 4.

Duk wanda ya taɓa zuwa kara ya san cewa faɗuwar ciniki daban, rabuwa da kaya daban. Mai sa ya ce ya sallama, dillali ya shaida, amma igiya tana hannun mai ita har sai an ƙirga kuɗi. A kara tazarar ba ta wuce shan ruwa. A kasuwar hannayen jari kuwa kwanaki ne, kuma wannan mataki na biyu, wato ranar da kuɗi zai shiga hannun mai sayarwa kaya su koma sunan mai saye, shi ake nufi da cika ciniki. Masu sana'ar suna rubuta shi a taƙaice: T na nufin ranar da aka ƙulla ciniki, lambar da ke biye kuma yawan ranakun aiki ne da za a jira. Ranakun aiki fa, ba kwanakin kalanda ba. Asabar da Lahadi ba sa shiga lissafi, ranar hutu ma haka, kuma a nan ne hutu ya daina zama maganar hutawa ya koma maganar wanda ke bin wani bashi da kuma ranar da zai karɓa.

Abin mamaki, Niyok da sauri ta faro. A ƙarni na 19 ƙa'idar ita ce a yi ciniki yau a cika gobe, kaya su isa kafin ƙarfe biyu da kwata na rana. Tsari ne mai cin kuɗi, domin dole dillali ya ciyo bashin banki na kwana ɗaya don ya biya abin da ya saya kafin a biya shi abin da ya sayar, shi ya sa a 1892 aka kafa gidan daidaita lissafi inda ake cire abin da ake bin mutum daga abin da yake bi, ya biya ragowar kawai. Daga nan lokacin ya riƙa tsawo maimakon raguwa: kwana biyu a 1933, uku a 1946, huɗu a 1952, sai biyar a farkon 1968, duk don a bai wa keji damar numfashi.

Landan ta bi wata hanya dabam. A can an yanka shekara gida-gida, mako biyu-biyu, duk cinikin da aka yi a cikin zango ɗaya sai a tara shi a cika a rana guda bayan zangon ya ƙare. In hutu ya faɗo a tsakiya, sai zangon ya zama na mako uku, wanda ke nufin mai saye da niyyar sayarwa kafin ranar biya ya sami ƙarin mako guda yana caca da kuɗin da bai fitar ba. Haka aka yi ta yi har Yulin 1994. Ita kanta kalmar hutun banki da Ingila ta bai wa duniya, daga matsalar biyan bashi ta fito. Sir John Lubbock, ma'aikacin banki kuma ɗan majalisa, shi ya kawo dokar 1871 da ta ware ranaku huɗu a Ingila, ciki har da Litinin ta Ista da washegarin Kirsimeti. Kafin dokar, banki bai isa ya rufe a ranar aiki ba, domin takardar bashin da wa'adinta ya cika a ranar dole a biya ta, in ba haka ba a ce ya gaza. Abin da dokar ta yi shi ne ta ce takardar da ta nuna a ranar hutu, washegari za a biya ta ba tare da laifi ba. Ma'aikata sun yi murna da samun ranar yawo, amma jigon dokar ɗage wa'adi ne.

Hutun da aka sani tun farkon shekara ke nan. Wanda ke zuwa ba sallama shi ne mai wahala.

A Satumbar 1873, kwana biyu bayan durƙushewar bankin Jay Cooke, kasuwar Niyok ta rufe na kwana goma, karo na farko da rikicin kuɗi ya sa ta yin haka. Amma rufewar da ta fi kowace tsawo ita ce ta 1914. Turawa na riƙe da hannayen jarin Amurka na biliyoyin daloli, musamman na kamfanonin jirgin ƙasa, kuma da yaƙi ya ƙarato suka shiga sayarwa suna mayar da kuɗin zinari suna lodawa a jirgin ruwa. Safiyar Juma'a 31 ga Yuli, Landan ta sanar da rufewa. Da Niyok ta buɗe, da ita kaɗai ce babbar kasuwar da duk duniya za ta juye wa kaya. Sakataren baitulmali William McAdoo yana son a toshe wannan ƙofa har bankunan tarayya da ake shirin kafawa su fara aiki, kuma haka aka yi. An kafa kwamitin mutum biyar ya riƙe ragama, aikinsa na farko kuwa shi ne warware cinikin da aka ƙulla kafin rufewa aka bar shi a rataye, aikin da ya ci makonni. A Landan ma sai cikin Nuwamba aka cika cinikin da ya kamata a cika tun Agusta.

Rufe ƙofa bai hana mai buƙatar kuɗi buƙata ba. A bayan ginin kasuwar akwai wani siririn titi mai suna New Street, nan wasu dillalai suka riƙa taruwa suna ciniki kuɗi hannu, hukumomin kasuwa na hararar su, ana kuma matsa wa jaridu kada su buga farashinsu. An dawo da cinikin takardun lamuni 28 ga Nuwamba, na hannayen jari kuma 12 ga Disamba, bayan fiye da wata huɗu. Landan ta kai 4 ga Janairun 1915.

Darasin 1933 ya fi fitowa fili. Tun tsakiyar Fabrairu jihohi suka fara rufe bankunansu, Michigan ce kan gaba, saboda jama'a sun yi dafifi suna kwashe ajiyarsu. Da asubahin Asabar 4 ga Maris, ranar da za a rantsar da Franklin Roosevelt, gwamnan jihar Niyok Herbert Lehman ya rufe na jiharsa. Kasuwar hannayen jari ba ta da zaɓi, tunda cak ake biya da shi kuma babu inda za a kai cak. Ta zauna rufe har 15 ga Maris, ranar da ma'aunin Dow Jones ya yi tsallen sama da kashi 15 cikin ɗari, tashin da har yau ba a sake ganin irinsa a wuni guda ba.

Mai karatu zai lura cewa 4 ga Maris ɗin nan Asabar ce, kuma da ba don rikici ba da an buɗe. Haka ne, kasuwar tana ci ran Asabar, awa biyu daga ƙarfe goma zuwa sha biyu, har 1952 da aka soke. Jerin hutun kansa ya sha gyara. An daɗe ana rufewa ranar zaɓe, daga baya aka taƙaita ga zaɓen shugaban ƙasa, bayan 1980 aka daina. An ƙara ranar Martin Luther King a 1998, sai ranar 19 ga Yuni ta tunawa da 'yanta bayi a 2022, jimla ranaku goma ke nan a shekara. Tsakanin waɗannan akwai rufewar lokaci ɗaya: 21 ga Yulin 1969 don saukar ɗan Adam a duniyar wata, 14 ga Yulin 1977 da wuta ta ɗauke a birnin.

A koma ga keji. Hutun Laraba bai warkar da cutar ba. Kamfanoni sun ɗebi sababbin akawu waɗanda ba su ƙware ba, sun sayi kwamfutocin da ba su iya aiki da su ba, ɓarayi kuma suka gane cewa a cikin wannan hargitsi takardar da ta ɓata sai an yi watanni kafin a farga, suka yi awon gaba da na miliyoyin daloli. Da kasuwa ta juya ƙasa a 1969 da 1970, la'ada ta ragu, sai asiri ya tonu. Kamfanonin dillalai fiye da ɗari suka rushe ko aka haɗiye su. Goodbody, ɗaya daga cikin manya, Merrill Lynch ce ta ɗauke shi a 1970, shekarar da majalisa ta kafa asusun kare dukiyar masu zuba jari idan dillalinsu ya karye.

Maganin da aka samo mai sauƙin faɗa ne: a daina yawo da takarda. A tara ta a ma'ajiya ɗaya, in an yi ciniki a sauya suna a littafi kawai. An gwada tun 1968, a 1973 aka kafa ma'ajiyar DTC, a 1976 kuma aka kafa NSCC, wadda ke shiga tsakani ta zama mai saye ga duk mai sayarwa, mai sayarwa ga duk mai saye. Tun da ita ke ɗaukar hasara in wani ya gaza, sai take karɓar jingina daga dillalai gwargwadon abin da farashi zai iya yi kafin ranar cikawa. Duk ranar da aka ƙara a tsakani, ƙarin lokaci ne da farashi zai iya juyewa ko wani ya karye. A zamanin kwana biyar, cinikin Litinin sai wata Litinin, in hutu ya gifta ya kai Talata, kwana takwas cur. Bayan girgizar Oktoban 1987 aka fara matsa lamba a rage, aka koma kwana uku a Yunin 1995, kwana biyu a Satumbar 2017.

Wani abu da baƙon kasuwa ba ya saurin ganewa shi ne kalanda biyu ce ke aiki, ta kasuwa da ta banki, kuma ba kullum suke jituwa ba. Ranar Columbus a Oktoba da ranar tsofaffin sojoji ta 11 ga Nuwamba hutun gwamnatin tarayya ne, babban bankin ƙasa a rufe yake, amma kasuwar hannayen jari a buɗe. Ana ciniki, ba a cikawa. A tsarin yau na kwana ɗaya, wanda ya sayar ran Juma'a kafin ranar Columbus ba zai ga kuɗinsa Litinin ba, sai Talata, tare da wanda ya sayar a Litinin ɗin. Cinikin kwana biyu ya haɗu a ƙofa ɗaya. Juma'ar Ista kuma akasin haka ce: ba hutun tarayya ba ce, bankuna na aiki, amma kasuwa a rufe, al'adar da rabon da a karya ta tun 1907. Wani lokaci ma'aikatar ƙwadago kan fitar da alƙaluman aikin yi na wata a wannan Juma'a, kamar yadda aka yi 7 ga Afrilun 2023, masu hannayen jari su karanta labarin da zai motsa dukiyarsu su naɗe hannu har Litinin. Akwai kuma wata ƙa'ida ta akawu zalla. Hutun da ya faɗo Asabar akan jawo shi Juma'a, amma ban da Juma'ar da ta zo ƙarshen zangon lissafi. Shi ya sa 31 ga Disambar 2021 aka buɗe kasuwa duk da sabuwar shekara ta faɗo Asabar, domin a ranar ake rufe littattafan shekara.

Ranakun makoki ma sun nuna wannan rabuwa. An rufe kasuwa 5 ga Disambar 2018 don George H. W. Bush, da 9 ga Janairun 2025 don Jimmy Carter, amma ma'ajiya ta buɗe, cinikin da wa'adinsa ya cika an cika shi. Tsayar da sabon ciniki abu ne mai sauƙi. Ɗage wanda aka riga aka ƙulla kuwa yana taɓa wanda ya shirya biyan wani da kuɗin, shi ma wancan yana da wanda ke jiransa.

Satumbar 2001 ta gwada wannan fiye da kowane lokaci. Kasuwar ba ta buɗe ba ranar 11 ga wata da aka kai wa birnin hari, ta zauna rufe har Litinin 17, mafi tsawo tun 1933, ranar dawowa kuma Dow Jones ya zube da maki 684. A tsakanin nan cinikin ranakun da suka gabaci harin yana nan yana jiran cikawa, kuma an ci gaba da cika shi alhali hayaƙi bai lafa ba. Inda aka sha wuya shi ne takardun lamunin gwamnati, domin layukan sadarwa sun katse, cibiyar aiki ta Bank of New York da ke daf da wurin ta tashi, cinikin da ya maƙale ya yi tsiri, sai da babban banki ya malalo kuɗi masu yawa don kada sarƙar biya ta tsinke. Shekara goma sha ɗaya bayan haka guguwar Sandy ta rufe kasuwar 29 da 30 ga Oktoban 2012, karon farko da yanayi ya rufe ta kwana biyu a jere tun ƙanƙarar 1888. Ruwan teku ya cika rumbun ƙarƙashin ƙasa na ma'ajiyar da ke Water Street, ya jiƙa takardun shaida sama da miliyan ɗaya, jikokin waɗanda suka hana akawu barci a 1968. An kwashe su an daskarar, aka busar da su a hankali. Cika ciniki kuwa bai tsaya ba, domin a lokacin mallaka ta daɗe da komawa cikin kwamfuta.

Ta fuskar cinikin kansa, hutu yana yin abu biyu. Yana rage mutane a kasuwa kafinsa da bayansa, kamar washegarin ranar godiya ta Nuwamba da ake tashi ƙarfe ɗaya na rana, inda odar da ba ta taka kara ta karya ba kan iya tura farashi. Yana kuma tara labari a bakin ƙofa. Kasuwar Shanghai ta tafi hutun sabuwar shekarar Sinawa a Janairun 2020 daidai lokacin da aka killace Wuhan, aka tsawaita hutun, ranar da ta dawo, 3 ga Fabrairu, ta faɗi da kusan kashi 8 cikin ɗari. Ta Girka, wadda rikicin bashi ya rufe mako biyar a 2015, da faɗuwar kashi 16 ta dawo. A 3 ga Janairun 2019 kuwa, Japan na cikin hutun sabuwar shekara, dillalan Tokyo ba sa kan kujera, darajar yen ta yi wani mugun tsalle cikin 'yan mintoci saboda babu masu tare ta. Shi ya sa hankalin hukumomin ƙasar ya tashi game da hutun kwana goma daga 27 ga Afrilu zuwa 6 ga Mayun shekarar don hawan Sarki Naruhito gadon sarauta. Masu riƙe da kaya da bashi kuma kuɗin ruwa bai san hutu ba, da kwanan kalanda ake lissafa shi.

Abin da ya ingiza Amurka ta koma gidan jiya, wato cikawa cikin kwana ɗaya, shi ne rikicin hannun jarin kamfanin GameStop. Da asubahin 28 ga Janairun 2021, NSCC ta nemi kamfanin Robinhood ya ajiye jinginar kusan dala biliyan 3 saboda tulin cinikin abokan hulɗarsa da ke jiran cikar kwana biyu. Kamfanin ya hana sayen hannun jarin, jama'a suka yi ca, majalisa ta kira zama, shugaban kamfanin Vlad Tenev ya ɗora laifin a kan tsawon wa'adin cikawa. Ko da a ce bai faɗi dukan gaskiya ba, wannan ɓangaren nata ya faɗa daidai.

Ranar da aka zaɓa don komawa kwana ɗaya ita kanta darasi ce. An sa ta Talata 28 ga Mayun 2024, bayan hutun Litinin na tunawa da sojojin da suka mutu a fagen daga, don injiniyoyi su sami kwana uku suna sauya na'urori kasuwa na rufe. Haka aka yi a 2017, bayan hutun ranar ma'aikata. Amma Litinin ɗin nan ba hutu ba ce a Kanada da Meziko, don haka su suka riga da kwana ɗaya, 27 ga wata. Sai ga Laraba 29 ga Mayu ta zo da kaya biyu: cinikin Juma'a 24, na ƙarshe a tsohon tsari, da na Talata 28, na farko a sabo. Kamfanoni sun hana ma'aikata tafiya hutu, an buɗe ɗakunan sa ido dare da rana, ranar ta zo ta wuce lami lafiya. Jinginar da dillalai ke ajiyewa ta ragu da kusan dala biliyan 3. Bayan shekara casa'in da ɗaya, Niyok ta dawo kan ƙa'idar yau a yi gobe a cika, sai dai ba ɗan aike.

Nauyin ya koma kan na nesa. Asusun fansho da ke Tokyo ko Frankfurt in ya sayi hannun jarin Amurka yau, gobe ake son dalarsa, alhali musayar yawancin kuɗaɗen duniya da dala kwana biyu take ɗauka a al'ada, kuma tana buƙatar bankunan ƙasashen biyu su kasance a buɗe. Ga kuma sharaɗin tabbatar da bayanan ciniki kafin ƙarfe tara na dare agogon Niyok, lokacin da Turai ke tsakiyar barci. In gobe hutu ce a gida ba hutu ba ce a Amurka, kamar 1 ga Mayu ko Litinin ta Ista da tsarin biyan kuɗin yuro ke rufewa, to sai dai a tanadi dala tun kafin a shiga kasuwa, ko a ci bashin kwana ɗaya, ko a haƙura da cinikin. Bankuna ba sa wasa da irin wannan giɓi tun 26 ga Yunin 1974, ranar da hukumomin Jamus suka rufe bankin Herstatt da yammacinsu bayan ya karɓi kuɗin Jamus, alhali a Niyok hantsi ne kuma bai biya dalar da ake bin sa ba. Wasu kamfanonin Turai da Asiya sun buɗe ofis a Amurka, wasu sun ƙirƙiro aikin dare, duk don wannan kwana ɗayan.

Duk waɗannan ƙasashe aƙalla sun san ranakun hutunsu tun bara. Kasuwar Legas, wadda ta fara ci a 1961 kuma ta sami ma'ajiyarta ta CSCS a 1997, tana da wani ƙarin lissafi, na ganin wata. A Afrilun 2024 gwamnatin tarayya ta ba da Talata 9 da Laraba 10 hutun ƙaramar Sallah. Daren Litinin ba a ga wata ba, fadar Sarkin Musulmi ta sanar azumi zai cika talatin, Sallah ta koma Laraba, gwamnati ta ƙara Alhamis 11. A lokacin kwana uku ake jira. Wanda ya sayar da hannun jarinsa ran Litinin 8 ga wata, da lissafin farko kuɗinsa zai nuna Litinin 15, da ƙarin hutun ya koma Talata 16, kwana takwas bayan ciniki. In don hidimar Sallah ya sayar, to sai dai ta babba. Wanda ya so kuɗi a hannu kafin hutun, ya kamata ya sayar tun Laraba 3 ga wata, azumi na da saura mako guda. Tuni Najeriya ma ta bi sahun masu rage wa'adin, ta sauko kwana biyu a ƙarshen Nuwambar 2025.

Indiya ta riga Amurka, ta kammala komawa kwana ɗaya tun Janairun 2023. Tarayyar Turai da Birtaniya da Suwizalan sun haɗa baki a kan rana guda, 11 ga Oktoban 2027, don kada a maimaita rarrabuwar da aka gani tsakanin Amurka da maƙwabtanta. Kwamitoci na can suna gwajin na'urori da jera kalandun ƙasashe kusan talatin, kowace da ranar 'yancinta da ranakun ibadarta. Ranar da suka zaɓa Litinin ce, ta biyu a watan Oktoba, wato ranar Columbus. Kasuwar Niyok za ta buɗe a ranar, bankunan Amurka kuma suna hutu.